Minti Hamsin da Huɗu Zuwa Wa

A unguwar Moshi Zongo ta Tamale babu mai kiran Tahidu da sunansa, in ban da iyalinsa da liman. Kowa Nabigeta yake ce masa. Shekara ashirin da biyu ya yi yana aiki a filin jirgin Tamale, a wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya inda ake shimfiɗa taswira a tebur, a auna wa matuƙa hanya kafin su tashi. Aikinsa ya ɗora rula daga gari zuwa gari ya ƙirga mil, ya dubi gudun jirgi, ya dubi inda iska ta dosa, sannan ya rubuta wa matuƙi a takarda: bi nan, minti kaza za ka ga kogi, minti kaza ka sauka. Ya iya aikin sosai. Akwai matuƙan da in ba rubutunsa suka gani ba, sai su mayar da takardar.

Abin da Zongo bai sani ba shi ne, Tahidu bai taɓa shiga jirgin sama ba. Ko wanda yake fake a ƙasa, iyakarsa ya shafa fukafukinsa ya wuce. Bai taɓa cewa ya hau ba, amma kuma bai taɓa cewa bai hau ba. Tun da ya bar aiki, kullum da la'asar yana zaune a bencin Abdulgafaru mai aski yana cewa, “Ran da muka kai Kumasi a awa ɗaya da minti goma,” kuma a ransa wannan “muka” ba ƙarya ba ce, tunda lissafinsa ne ya je. Abdulgafaru kaɗai ke ɗan karkace baki in ya ji. Matarsa Adizatu kuwa ta san komai, don ita ke hawa tsani ta danne kwanon ɗaki da dutse in iska ta ɗaga shi, shi yana ƙasa yana riƙe mata tsanin yana kallon wani wajen.

Shekarar tamanin da uku ta zo wa kowa da wuya. Ruwa ya ƙi, wuta ta cinye gonaki da daji, hayaƙi ya tsaya a sama mako da mako. Sabulu sai labari, burodi sai layi, ga waɗanda aka koro daga Najeriya sun cika gidaje. Tahidu da kansa ya musanya agogon hannunsa da masara kwano shida.

Wata safiyar Talata yana tsakar gida yana shan koko ba sukari, sai ga ƙanwar matarsa, Hajiya Zalia, ta shigo da farin kayan aikinta na nas. Bayanta wani siririn mutum ne da farar riga da taswira a naɗe a hammata. Zalia ta haura arba'in, bakinta ya fi allurarta kaifi, kuma tun tana budurwa take wasan ƙanwar mata da Tahidu ba ta gaji ba.

“Yaya Tahidu, ajiye kokon nan, aiki ya same ka,” in ji ta. “Wannan Kyaftin Kuuku ne, mutumin Cape Coast. Sanƙarau ya ɓarke a ƙauyukan Wa. Ƙungiyar agaji ta ba mu allurar rigakafi akwati uku da ƙaramin jirgi, ni zan raka kayan. In ta lori ne, ƙanƙarar za ta narke tun ba mu kai Damongo ba.”

Kuuku ya rusuna ya gaishe shi, ya ce da Hausarsa ta kasuwa, yana kiransa Masa, wato maigida, “Masa, ni wata biyu kawai na zo Tamale. Mashin da yake nuna hanya ya mutu, sifiya na gyara babu, kamfas kawai ya rage. Taswira ya ce nan daji, nan gona. Ni na duba ƙasa, duka baƙi, duka hayaƙi. Mai kuma kaɗan ne, awa ɗaya da minti ashirin, shi ke nan. Hajiya ya ce kai ne babban nabigeta.”

Tahidu ya ajiye kokon. Ya ce ai wannan mai sauƙi ne, zai rubuta masa komai a takarda yanzun nan.

“Takarda ba ya ganin iska, Masa. Rahoton iska babu yau. Sai mutum ya zauna kusa da ni.”

Tahidu ya ce idonsa ya yi rauni. Zalia ta ce jiya ta gan shi yana zura wa yayarta zare a allura. Ya ce takardun aikinsa sun daɗe da mutuwa. Kuuku ya ce ba mai tambaya. Ya ce to, babbar matsalar ita ce ba shi da agogo, kuma nabigeta ba agogo daidai yake da kowa. A nan ya ɗan sami numfashi, don Kuuku ya nuna nasa hannun, shi ma wayam, na jikin jirgin kuma ya tsaya tun bara.

Adizatu, wadda tun ɗazu take bakin murhu, ta tashi ta shiga ɗaki. Ta fito da agogon tebur, mai ƙararrawa biyu a ka, ta goge shi da gefen zani ta ajiye a gaban mijinta.

“Ga shi, Malam. Ko minti ba ya ɓatawa.”

Ya dube ta, ta dube shi, ta koma wajen tukunyarta kafaɗunta suna ɗan rawa.

Don ya sami abin yi da hannunsa, Tahidu ya karɓi taswirar ya shimfiɗa a tabarma. Nan ya ga layin da Kuuku ya ja da biro, a karkace, ba alamar tsayawa ko ɗaya a kai. Ransa ya ɓaci irin na mai sana'a. Ya aika aka ɗauko rularsa da fensir, ya ja sabon layi, ya rubuta wa Kuuku lissafin a takarda. Tamale zuwa Wa mil ɗari da ashirin. Jirgin yana mil ɗari da ashirin a awa, wato mil biyu kowane minti. Kogin Bolta yana mil talatin da shida, ke nan minti sha takwas, kuma za su tsallake shi mil shida arewa da garin Daboya. Bayan kogin babu wata alama sai daji har Wa. Wanda ya zarce Wa da ’yan mintoci kuwa ya faɗa maƙwabciyar ƙasa ta masu jin Faransanci, inda sojoji ba su san da zuwansa ba.

Ko da ya ɗago kai, ƙofar gida ta cika da mutane. Labari ya kai benci. Abdulgafaru na gaba da almakashi a hannu, yana cewa, “Ashe yau za mu gani da idonmu.” Zalia kuma ta sassauta murya ta ce, “Yaya, yara sha ɗaya aka binne a ƙauye guda makon jiya.”

Tahidu ya naɗe taswira. Ya shiga ɗaki ya sa babbar riga, ya yi alwala, ya yafe wa Adizatu duk abin da ta taɓa yi masa in ban da agogon, ya fito.

Jirgin, da suka isa filin, bai kai motar ɗaukar tumatir girma ba. Kujera huɗu ne, an cire ɗaya an ɗaure akwatunan allura a wurin. Aka zaunar da Tahidu a gaba, dama da Kuuku, aka ɗaure shi da bel, aka kifa masa abin ji a kunne. Zalia na bayansa. Ya ɗora taswira a cinya, ya rungume agogo, ya ce a rubuta lokacin tashi: ƙarfe goma daidai.

Injin ya ɗauka, jirgin ya yi ta gudu yana karkarwa, sai kawai ƙarar taya ta ɗauke. Tahidu ya leƙa ta taga sau ɗaya. Ya ga rufin gidajen unguwar Gumani sun koma kamar kwalin ashana, ya ga wani mai keke ya zama tururuwa, ya ga babu komai tsakanin tafin ƙafarsa da su sai wani ɗan falle na ƙarfe. Ya runtse ido. Hannunsa ya damƙe agogon da ƙarfi har ya taɓo maɓallin ƙararrawa, ta ɓarke da kuka.

Kuuku ya zabura, ya danna hancin jirgi ƙasa, yana duba allunan gabansa ɗaya bayan ɗaya yana kiran sunan Yesu, don ya ɗauka jirgin ne ke gargaɗi. Zalia ce ta miƙo hannu ta kan kafaɗa ta fizge agogon ta kashe.

“Yaya Tahidu, lafiya? Buɗe idonka mana.”

“Ba zan buɗe ba.”

“Hayaƙi ne ya shiga?”

“Zalia,” ya ce, “ban taɓa hawa ba.”

“Wannan irin?”

“Kowane iri.”

Abin ji na kunne ya kai maganar ga Kuuku sarai. Ya juyo ya dubi dattijon da ke gefensa, ido a rufe, gumi na bin gemu, leɓe na motsi da salati. Ya dubi gaba, inda babu komai sai hayaƙi ruwan toka. Ya ce a hankali, “Hajiya, wannan shi ne babban nabigeta?”

Zalia ta yi niyyar dariya, irin wadda ta shekara ashirin da biyar tana jiran dalilinta, amma ta ga ba wurinta ba ne. Ta matso da bakinta kusa da kunnen Tahidu. “To ka ji. Mutuwa dai ba yau ba, don ban bar wa kowa makullin ɗakina ba. Ni zan zama idonka. Faɗa mini abin da zan duba.”

Tambayar ta ɗan dawo da shi cikin hankalinsa, don tambaya ce irin ta ofis. “Minti nawa?”

“Shida.”

“Kyaftin, allurar kamfas tana kan abin da na rubuta maka?”

“Yana kai.”

“Gudu?”

“Ɗari da ashirin.”

“To kada ka taɓa komai. Zalia, ki zuba ido ƙasa. In kin ga ruwa, ki faɗa mini minti, ba ki faɗa mini ra'ayinki ba.”

Suka ci gaba. Jirgin yakan faɗa rami a iska ya taso, kowane faɗawa sai Tahidu ya tuna wani zunubi ya nemi gafara a kai. A minti na goma ya tuna ya taɓa cin naman da Adizatu ta ɓoye wa baƙi ya ce kyanwa ce. A na sha biyu ya ba Zalia wasiyyar kekensa. Ita kuwa ta manna goshi a taga tana ba da rahoto: baƙar ƙasa, baƙar ƙasa, itatuwan kaɗanya a ƙone, wata wuta can tana ci, shanu biyar da ba su da abin ci.

“Ruwa,” ta ce. “Ga shi nan kamar zare, rabinsa yashi.”

“Minti?”

“Sha shida.”

“Sake dubawa.”

“Sha shida, Yaya. Na iya agogo, da shi nake ƙirga bugun zuciya. Ga ma gari a bakin ruwan, daidai ƙarƙashinmu. Ga marina, ga saƙi shuɗi an shanya dogo dogo. Daboya ce. Nan nake sayo wa maigidana rigar batakari.”

Tahidu ya shiga lissafi. Rawar leɓensa ta canza, daga salati ta koma ƙidaya. A cikin duhun idonsa taswirar tana nan shimfiɗe, tsaf, kamar a teburin ofis, kuma abin mamaki ba ta girgiza.

“Kyaftin, saurara. Ya kamata mu iso kogi a minti sha takwas, mun iso a sha shida. Mil talatin da shida a minti sha shida, mil biyu da kwata ke nan a minti. Ba ɗari da ashirin muke yi ba, ɗari da talatin da biyar muke yi. Iska na tura mu ta baya.”

“Amma allo ya ce ɗari da ashirin.”

“Allo gudunka cikin iska yake gani, bai san iskar ma tafiya take ba. Na biyu, bai kamata mu ga Daboya a ƙarƙashinmu ba. Iska ta zame da mu kudu mil shida. Mil shida a talatin da shida, digiri goma. Ƙara huɗu don mu koma kan Wa. Juya dama digiri sha huɗu.”

Kuuku ya dube shi. “Masa, ka tabbata? Idonka a rufe.”

“Idona ba ya cikin lissafin. Juya, amma a hankali, don Allah.”

Jirgin ya karkata, cikin Tahidu ya karkata tare da shi, kokon safe ya nemi hanya. Zalia ta cire hular kansa ta tara masa a kan kari. Da ya gama, ya goge baki ya ci gaba daga inda ya tsaya, kamar tari kawai ya yi.

“Saura mil tamanin da huɗu. A mil biyu da kwata, minti talatin da bakwai. Ƙara ɗaya tunda mun ɗan juya wa iska kafaɗa. Goma da minti hamsin da huɗu muna kan Wa.”

Daga nan sai hayaƙin ya yi kauri. Zalia ta daina ganin ƙasa sam. Rana ta zama wani jan faifai da ake iya kallo ba ƙiftawa. Babu mai magana sai ita, tana kiran minti biyar biyar kamar mai kiran lambar marasa lafiya. Talatin. Talatin da biyar. A arba'in Tahidu ya tambayi kamfas, aka ce yana nan. A arba'in da takwas ya ce a fara sauka sannu sannu.

“Masa, takarda na safe ya ce awa ɗaya,” in ji Kuuku. “In na sauka yanzu, na ƙone mai a banza, kuma ƙasa akwai dutse.”

“Ni na rubuta takardar safe, ni kuma na soke ta. In ka jira awa ɗaya, za ka sauka wajen masu jin Faransanci, ka yi musu bayanin akwatunan nan da yarenku na Fante.”

Kuuku ya ja numfashi, ya rage wa injin ƙarfi. Jirgin ya nutse cikin hayaƙi. Hamsin. Hamsin da ɗaya. Hamsin da biyu, Zalia ta ce ta fara ganin itatuwa. Hamsin da uku, ta ce ga hanyar mota ja. Hamsin da huɗu, ta yi shiru.

“Me kika gani?”

“Daji.”

“Duba dama.”

“Daji.”

“Hagu fa?”

Ta rarrafa ta kan akwatunan allura ta leƙa ta ɗaya tagar. Ta daɗe, har Tahidu ya fara tunanin ko ya manta ya ɗauki ɗaya a wani wuri a lissafinsa. Sannan ta ce, “Ga kwanon gidaje. Ga wani farin gini mai tsinkaye a ka. Ga kasuwa. Yaya, Wa ce. Kusan mil ɗaya ka kauce.”

“Mil ɗayan na Kyaftin ne,” in ji Tahidu. “Ya yi gardama kafin ya juya.”

Suka sauka a jan filin Wa da tsalle uku. Sai da injin ya mutu, Zalia ta rantse masa sau biyu cewa taya na kan ƙasa, sannan ya buɗe ido. Kuuku da wani ma'aikacin asibiti suka sauko da shi kamar buhu, suka zaunar da shi a inuwar fukafuki. Aka buɗe akwatunan, ƙanƙara na nan da sauranta. Kafin azahar Zalia ta tafi da su a bayan babur da wata tsohuwar motar asibiti.

Washegari da aka samo mai za a koma, Kuuku ya zo da fara'a ya buɗe masa ƙofar jirgi. Tahidu ya miƙa masa takarda, an rubuta komai dalla dalla har da iskar da za ta zame musu ta gaba a komawa, ya ce Zalia ta ci gaba da riƙe agogon, ya ce shi yana da ’yan'uwa a Wa da ya daɗe bai gaisar ba. Ba shi da kowa a Wa. Tashar lori ya nufa, ya sami wata mai ɗaukar gawayi, ya hau can bayan direba. Tayarta ta fashe sau huɗu, aka cusa mata ciyawa a karo na biyar, suka kwana biyu a hanya. Fasinjoji suna ta tsinuwa, shi kuwa tunda yake bai taɓa jin daɗin tafiya irin wannan ba.

Ya shigo Moshi Zongo ranar Juma'a da hantsi, baƙi ƙirin da gawayi, ba hula, yana shirin abin kunya. Ya san Zalia, ya san kwana biyu sun ishe ta ta kai labari har unguwar Kalpohin. Ya so ya bi ta bayan masallaci, amma sai ya ci karo da bencin aski a cike.

Abdulgafaru ne ya fara miƙewa. Ya goge bencin da tawul ɗinsa, abin da bai taɓa yi wa kowa ba, ya ce, “Nabigeta, zauna nan. Hajiya Zalia ta faɗa mana komai. Ta ce tun daga Gumani har Wa idonka a rufe, ko taswira ba ka duba ba. Ta ce matuƙin har roƙonka yake ka buɗe, ka ce ba ka bukata. Ni dai in na taɓa yin wata magana a baya, a yafe.”

Tahidu ya zauna a hankali. Ya ce ai ba wani abu ba ne, sabo ne kawai. Wani ya tambaye shi me ya sa ya dawo a lori, ya ce yana so ya auna hanyar ƙasa ne, don a san bambanci. Aka gyaɗa kai. Wani tsoho ya roƙe shi ya rufe ido ya faɗa musu ranar da masarar agaji za ta iso. Tahidu ya ce a kawo masa gudun motar da inda ta taso, in ba haka ba ba ruwansa.

A gida ya tarar da Zalia zaune tana taya yayarta tsince shinkafar da ta samo a Wa. Ta dube shi sama da ƙasa.

“Ƙarya na yi, Yaya?”

“Ba ki yi ba.”

“To sauran labarin yana wurina. Hularka ma tana wurina, na wanke. Duk ran da ka sake ce mini nas ba likita ba ce, zan kai ta benci in yi bayani.”

Adizatu ta kawo masa ruwan wanka ta ajiye, ta tsaya tana kallonsa, dariya da tausayi suna kokawa a fuskarta.

“Malam, tsakaninka da Allah, duk tafiyar nan ba ka ga komai ba? Ko sau ɗaya?”

Tahidu ya leƙa ƙofa ya tabbatar ba kowa, ya rage murya.

“Sau ɗaya na buɗe ido ɗaya, lokacin da muka nutse cikin hayaƙin nan. Na ce bari in dubi Kyaftin, ko na sami ƙarfin zuciya.”

“Sai me?”

“Sai na ga shi ma ya rufe nasa yana addu'a.”

Zalia ta ajiye faifan shinkafa. Ta ce mako mai zuwa an sa ta rakiyar allura zuwa Bawku, kuma ta ga kamar lori zai fi dacewa.